Sayen Gidan Haya a Ƙasar Waje: Tambayoyi da Amsoshi ga Mazauna Ƙetare

Wanda ya daɗe yana aiki a ƙasar da ba tasa ba, da zarar ya tara ɗan abin hannu, tunanin gida ne ke fara zuwar masa. Wani yana son ya saya a inda yake zaune, wani kuma ya hango wata ƙasa ta uku da aka ce haya tana da tsoka a can. Niyya ce mai kyau, kuma mutane da yawa sun ci moriyarta. Sai dai gidan haya a ƙetare kasuwanci ne da ake yi a ƙarƙashin dokar wasu, da kuɗin wasu, kuma sau da yawa mai shi yana nesa. Ga tambayoyin da masu wannan niyya suka fi yi. Dokokin nan suna yawan sauyawa, don haka a sake tabbatar da su kafin a sa hannu a kowace takarda.

Shin baƙo yana da ikon mallakar gida a kowace ƙasa?

A'a, kuma a nan ya kamata a fara tun kafin a kalli hoton gida ko ɗaya. Ingila, Faransa, Jamus, Sifaniya da Fotugal ba sa hana baƙo saye. Dubai ta buɗe ƙofa a 2002, amma a unguwannin da aka ware wa baƙi kaɗai. A Tailan baƙo ba ya mallakar fili. Abin da aka yarje masa shi ne sashe a cikin bene, kuma kason baƙi a gini ɗaya ba ya wuce kashi 49 cikin ɗari. A Filifin iyakar kashi 40 ce. A Meziko, gidan da ke cikin kilomita 50 daga bakin teku ko kilomita 100 daga iyakar ƙasa, sai ta hannun banki a matsayin amintacce ake riƙe shi.

Akwai kuma ƙasashen da suka tsaurara doka a 'yan shekarun nan saboda 'yan ƙasa sun kasa sayen gida. Niyu Zilan ta hana yawancin baƙi sayen tsofaffin gidaje a 2018. Kanada ta kafa haramci daga Janairun 2023, ta kuma tsawaita shi zuwa farkon 2027, ko da yake ta togace wasu masu izinin aiki. Ostireliya ta dakatar da sayar wa baƙi gidajen da aka riga aka zauna a ciki daga Afrilun 2025 zuwa Maris na 2027. Singafo ba ta hana ba, amma harajin kashi 60 da ta ɗora wa baƙi a 2023 ya isa ya sa mutum ya haƙura.

Inda doka ta hana, za a sami wanda zai ce a rubuta gidan da sunan wani ɗan ƙasa, ku yi yarjejeniya a bayan fage. Kada ka yarda. Wanda sunansa ke jikin rajista shi ne mai gida a idon kotu, kuma a wasu ƙasashen wannan dabara kanta laifi ce.

Takardar da za a ba ni, mallaka ce ta har abada?

Ba lallai ba. A Ingila yawancin sassan benaye ana sayar da su ne bisa wa'adi, shekara 99, ko 125, ko 999, filin kuma yana hannun wani. Wa'adin yana raguwa kullum. Idan ya yi ƙasa da shekara 80, bankuna suna fara ɗari-ɗari da ba da bashi a kan gidan, darajarsa kuma ta faɗi. A Tailan wa'adin hayar fili da ake yi wa rajista shekara 30 ne. Saboda haka tambayi lauyanka kai tsaye: me nake saye, na shekara nawa, kuma wa ke da filin?

Dillali ya ce gidan yana kawo kashi 8 cikin ɗari a shekara. Gaskiya ne?

Mai yiwuwa bai yi ƙarya ba, amma bai gama lissafin ba. Abin da ya yi shi ne raba hayar shekara da farashin gida. Abin da kai kake buƙatar sani shi ne kuɗin da zai rage a hannunka bayan kowa ya ɗebi nasa. Wannan ce tambayar da ta fi kowacce nauyi a shafin nan, don haka bari mu zauna a kanta da misali, a kowane irin kuɗi kake so.

A ce gidan 200,000 ne, hayarsa 16,000 a shekara. Ga kashi 8 ɗin dillali. To, ranar saye ka biya haraji da lauya da rajista 14,000, ka sa kayan ɗaki da ɗan gyara na 6,000. Ashe abin da ya fita daga aljihunka 220,000 ne. Ɗan haya ya tashi, gidan ya yi wata ɗaya a kulle kafin wani ya shigo: 1,300 ta tafi. Kamfanin da ke kula da gidan ya ɗauki kashi 10, wajen 1,500. Kuɗin hidimar gini, wato na lif da masu gadi da shara da fitilun harabar gida, 2,400. Na'urar ɗumama ruwa ta mutu, famfo ya tsiyaye, an sake fenti: 1,500. Inshora da harajin ƙaramar hukuma 1,000. Saura 8,300. Hukumar haraji ta karɓi kashi 20, ya rage kusan 6,600. Raba wannan da 220,000, ka ga kashi 3 ke nan. Kuma ba mu sa bashin banki a ciki ba.

Kashi 3 ba asara ba ce, musamman a birnin da darajar gidaje ke tashi a hankali kuma 'yan haya ba sa yankewa. Abin da nake so shi ne ka san da kashi 3 kake ciniki, ka kwatanta ta da abin da kuɗin zai kawo a wani wuri ba tare da wannan wahala ba. Kuma kada ka karɓi adadin haya daga bakin mai sayarwa. Duba tallan gidajen haya na wannan titin da kanka, ka nemi takardun kuɗin hidima na shekarun baya, ka tambaya ko akwai babban gyara da mazauna ginin suka amince da shi, kamar sauya rufi ko lif, domin sabon mai gida ne zai biya kasonsa.

Idan ka ji an ce "mun lamunce maka haya ta shekara uku", bincika farashin gidajen maƙwabta. Sau da yawa an riga an cusa kuɗin lamunin a cikin farashin, kuɗinka ne ake mayar maka kaɗan-kaɗan.

Ban da farashin gida, me zan biya ranar saye?

Ya danganta da ƙasa, kuma bambancin yana da girma. A Dubai hukumar filaye tana karɓar kashi 4, dillali kuma yawanci kashi 2. A Faransa tsohon gida yana cin kashi 7 zuwa 8 na haraji da ladan jami'in da ke rubuta cinikin. A Jamus harajin sayen gida yana tsakanin kashi 3.5 da 6.5, gwargwadon jiha. A Ingila, ban da harajin da kowa ke biya, wanda ba mazaunin ƙasar ba yana ƙara kashi 2 tun Afrilun 2021, wanda kuma yake da wani gida yana ƙara kashi 5 tun ƙarshen Oktoban 2024. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, wancan gidan na farko ko a wace ƙasa yake a duniya ana lissafa shi.

Waɗannan kuɗaɗe ba sa dawowa. Shi ya sa wanda bai da niyyar riƙe gida na shekaru masu ɗan yawa, gara ya dakata.

A ina zan biya harajin kuɗin haya: inda gidan yake ko inda nake zaune?

Ƙasar da gidan yake ita ke fara karɓa, kusan ko'ina haka ne. Daga nan ƙasar da kake zaune tana iya neman nata, idan tana karɓar haraji a kan duk abin da mazaunanta suka samu a duniya. Idan akwai yarjejeniyar hana haraji biyu tsakanin ƙasashen, za a cire maka abin da ka riga ka biya. Ba kowace ƙasa ke da irin wannan yarjejeniya da kowace ba, sai an duba.

Wasu ƙasashen ba sa jiran ka kawo, daga tushe suke yanka. A Birtaniya, kamfanin da ke karɓar maka haya dole ne ya cire kashi 20 ya miƙa wa hukumar haraji, sai fa idan ka cika takardar NRL1 aka amince a ba ka kuɗinka cikakke ka biya da kanka. A Amurka ana cire kashi 30 daga ɗanyen kuɗin hayar, ba tare da la'akari da abin da ka kashe ba, sai idan ka nemi lambar haraji ta ITIN kuma ka zaɓi a lissafa maka a kan ribar da ta rage. Wannan zaɓi kaɗai yana iya sauya lissafin gaba ɗaya. A Sifaniya mazauna Tarayyar Turai suna biyan kashi 19, sauran kuma kashi 24. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga ɗaiɗaikun mutane, amma hakan bai wanke ka a ƙasar da kake zaune ba.

Ɓoyewa kuwa ba dabara ba ce yanzu. Fiye da ƙasashe ɗari suna musayar bayanan asusun banki a kai a kai.

Me ya sa ake ta gargaɗi a kan canjin kuɗi?

Domin yana iya cinye ribar shekaru ba tare da gidan ya yi laifin komai ba. Dubi Turkiyya. A farkon 2021 dala ɗaya tana kusan lira 7, a 2024 ta haura 30. A tsakanin nan hauhawar farashi ta kai kashi 85 a Oktoban 2022, gwamnati kuma ta hana masu gidaje ƙara wa tsofaffin 'yan haya fiye da kashi 25 a shekara, daga tsakiyar 2022 zuwa tsakiyar 2024. Wanda ya saya da dala yana karɓar haya da lira ya ga kuɗinsa yana narkewa kamar gishiri a ruwa, alhali ɗan hayarsa bai taɓa fashin biya ba.

Mafi hatsari shi ne cin bashi da kuɗin wata ƙasa alhali haya tana shigowa da wani. Dubban iyalai a Folan da wasu ƙasashen gabashin Turai sun ci bashin gida da kuɗin Suwizalan saboda ruwansa kaɗan ne. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya saki darajar kuɗinsa, bashinsu ya kumbura a wuni guda. Idan za ka ci bashi, ya kasance da irin kuɗin da ɗan haya zai riƙa biyan ka.

Banki zai ba baƙo bashi? Wanda ba ya son kuɗin ruwa fa?

Yana bayarwa, amma da sharuɗɗa masu tsauri. Wanda ba mazauni ba yawanci ana neman ya ajiye kashi 25 zuwa 40 na farashin daga aljihunsa, wani lokaci har rabi, kuma za a tone asalin kuɗinsa sosai. Tanadi takardun albashi da na banki da na duk abin da ka sayar ka tara kuɗin, tun da wuri.

Ga mai guje wa riba, akwai bankunan Musulunci a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, da Malesiya, da Birtaniya. Tsarin da ya fi yawa shi ne ku sayi gidan tare da banki, kana biyan hayar kasonsa kana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har ya zama naka. Karanta yarjejeniyar da kyau, ka tabbatar ta yarda ka sa ɗan haya.

Gidan da ba a gama ginawa ba ya fi araha. In saya?

Arahar tana da dalili: kai ne ke ɗaukar kasadar. Lokacin da kasuwar Dubai ta faɗi a 2008 da 2009, farashi ya zube da kusan rabi, ayyuka da yawa suka tsaya, wasu ba a taɓa gama su ba. Haka aka yi a gaɓar tekun Sifaniya a wannan lokaci. Yau a Dubai doka ta wajabta kuɗin masu saye su shiga asusun amana na wannan aikin, ba aljihun kamfani ba, ana sakin su gwargwadon yadda gini ya tashi. Duk inda kake, nemi irin wannan kariya ko lamunin banki. Je ka ga wani gini da kamfanin ya gama shekara biyar da suka wuce, ka yi magana da mazaunansa. Kuma ka tuna ranar da za a miƙa maka mabuɗi, ɗaruruwan masu gida irinka a gini ɗaya za su fito neman 'yan haya a wata guda.

Zan iya kammala komai ba tare da na je ba?

A takarda, ƙwarai. Ana ba lauya takardar wakilci, a buga mata hatimin da ƙasashe suka amince da shi, ya sa hannu a madadinka. Ka taƙaita wakilcin ga wannan gida da wannan ciniki, da ranar ƙarewa.

Amma ina roƙon ka ka je. Hoto ba ya nuna warin danshi a bayan kabad, ko baƙin tabo a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ko akwatunan wasiƙa da suka cika suka tumbatsa saboda rabin ginin babu kowa. Koma unguwar da dare, ka ƙirga tagogin da ke da haske. Taka da ƙafa zuwa tashar mota ko jirgin ƙasa mafi kusa ka ga minti nawa ne da gaske. Kuɗin jirgi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da za ka zuba ba.

Lauyan kuma ya zama naka, wanda kai ka nemo kake biya, ba wanda dillali ko mai gini ya kawo ba. Aikinsa ne ya duba rajistar filaye ya ga sunan wa ke ciki, ko akwai jingina ko bashin haraji a kan gidan, ko an yi ginin da izini. Kafin ka tura kuɗi, kira ofishinsa a lambar da ka sani ka tabbatar da lambar asusun. 'Yan damfara suna kutsawa cikin saƙonnin imel su sauya lambar a ranar biya.

Wa zai kula min da gidan? Ina da ɗan'uwa a garin.

Ɗan'uwa zai iya leƙa maka gidan lokaci-lokaci, wannan alheri ne. Amma karɓar haya, da biyo bashi, da amsa wayar ɗan haya ƙarfe biyun dare don ruwa ya ɓalle, aiki ne na mai lasisi da ake biya kuma ake iya sallama ba tare da zumunci ya lalace ba. Nemi kamfanin da zai turo maka bayani kowane wata, da rasit na kowane gyara, da hotunan gidan ranar shigar ɗan haya da ranar fitarsa. Ku ƙayyade adadin da ba zai kashe fiye da shi ba sai da izininka. Shi ne kuma zai kiyaye maka ƙa'idojin gari: a Ingila dole a sa kuɗin ajiyar ɗan haya a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, a kuma duba na'urorin gas kowace shekara, a Dubai dole a yi wa yarjejeniyar haya rajista a tsarin Ejari.

Idan ɗan haya ya daina biya fa?

Sai kotu, kuma kotu tana cin watanni. Sauya kwaɗo ko yanke wuta laifi ne a yawancin ƙasashen Turai. A Faransa ba a fitar da ɗan haya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris saboda hunturu. A Jamus ɗan hayar da ke biya yana da wuyar tayarwa, ƙarin haya ma yana da iyaka a manyan birane. Dokokin nan suna kare mutanen da gidan nan shi ne matsuguninsu, kuma wanda ya shiga wannan sana'a ya kamata ya girmama hakan. Kariyarka ita ce tantance ɗan haya da kyau tun farko, da ajiye kuɗin da zai riƙe gidan wata shida ko da ba a biya ko sisi ba.

Ba gara in riƙa ba masu yawon buɗe ido ta Airbnb, wato dandalin intanet na hayar gida ta 'yan kwanaki, ba?

Kuɗin kwana ya fi na wata, amma aikin otal ne, kuma birane suna ta rufe ƙofar. Landan ta ƙayyade kwana 90 a shekara ga gida sukutum. Niyu Yok ta tsaurara doka a Satumban 2023 har irin wannan haya ta kusa ɓacewa. Basalona ta sanar cewa lasisin gidajen masu yawon buɗe ido kusan dubu goma zai ƙare a Nuwamban 2028. Idan lissafinka bai fita da hayar shekara ta yau da kullum ba, kada ka saya.

Sayen gida zai ba ni izinin zama ko fasfo?

A Amurka, Birtaniya, Faransa da Jamus, ba ya bayarwa. Fotugal ta cire gidaje daga shirinta na ba masu zuba jari izinin zama a Oktoban 2023, Sifaniya ta rufe nata a Afrilun 2025. Girka ta ɗaga kuɗin zuwa yuro 800,000 a yankin babban birninta da manyan tsibiran yawon buɗe ido. Dubai tana ba da izinin shekara 10 ga mai gidan dirhami miliyan 2. Turkiyya tana ba da shaidar zama ɗan ƙasa a kan dala 400,000, da sharaɗin ba za a sayar ba sai bayan shekara uku. Gidajen da ake tallata wa masu neman takarda yawanci farashinsu yana manne da adadin da doka ta yanka, ba da ainihin darajarsu ba, don haka nemi mai ƙiyasi mai zaman kansa.

Ranar sayarwa, ko bayan rasuwata, me zai faru?

Wannan ita ce tambayar da aka fi jinkirtawa, alhali tun kafin saye ya kamata a amsa ta. Idan baƙo ya sayar da gida a Amurka, mai saye yana riƙe kashi 15 na farashin gaba ɗaya ya miƙa wa hukumar haraji, daga baya a yi lissafi. A Sifaniya kashi 3 ake riƙewa. A Birtaniya kana da kwana 60 ka kai rahoton cinikin. Jamus kuma ba ta karɓar haraji a kan ribar sayarwa idan ka riƙe gidan fiye da shekara 10. Tambayi kuma ko ƙasar tana barin a fitar da kuɗin waje cikin sauƙi, ka adana shaidar bankin da ta nuna yadda ka shigo da su, domin wasu ƙasashen sai da ita suke sakin kuɗin.

Gado kuwa, a ƙasashe da yawa dokar inda gidan yake ita ke aiki a kansa. Faransa ta keɓe wa 'ya'ya kaso da wasiyya ba ta isa ta hana su ba. A Amurka, baƙon da ba mazauni ba dala 60,000 kacal ake yafe wa dukiyarsa, abin da ya haura ana iya yanka masa haraji har kashi 40. Nemi lauyan da ya san dokar ƙasashen biyu ya rubuta maka wasiyyar da za ta yi aiki a can, ya kuma duba ko ya fi dacewa a riƙe gidan da sunanka, ko da sunan ku biyu da mai ɗakinka, ko ta kamfani. Sannan ka haɗa takardar mallaka, da lambar haraji, da bayanan asusun da haya ke shiga, da sunayen lauya da kamfanin kulawa a wuri ɗaya, ka nuna wa magadanka inda suke.